Ƙusoshin Hanyar Rafi

Litinin, 7 ga Oktoba, 1991, bayan La'asar

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi, amma da ɓacin rai. Yau ma Ingarma ya durƙusa da ni. Ingarma kekena ne, baƙi mai sanda, wanda ya biyo ni a bayan babbar mota tun daga Ikko, lokacin da aka taso da ofishinmu zuwa wannan birni da ake ta ginawa domin tarbar kujerar mulki. Shekara da shekaru muka yi a can muna ratsa kwatami da fasassun kwalabe, bai taɓa kunyata ni ba. A nan kuwa, a 'yar siririyar hanya mai laushi da ta tashi daga gefen Durumi, ta keta gonaki, ta tsallake rafi, ta faɗa kwalta, tayarsa ta yi ta sacewa har na daina lissafi.

Kuma kullum abu ɗaya ne: ƙusa mai hula, irin ta buga kwano, tsohuwa, mai tsatsa, a lanƙwashe. Me ƙusar rufi take nema a tsakiyar gonar dawa? Ruwa ba ya tsami banza.

Timothy mai faci ya kafa rumfarsa a gindin ɗorawa, daidai inda hanyar ta haɗu da kwalta. Tun daga nesa ya fara washe baki.

"Oga Malam! Kwastoma na gaskiya! Yau wace ƙafa, gaba ko baya?"

"Baya."

"Madalla. Jiya gaba, yau baya, babu wadda za ta yi fushi."

Ya zare tub, ya ba shi iska, ya tsoma a daro, ya goge, ya shafa sholisho, yana hura masa baki yana waƙar coci. Na lura da abu ɗaya: bai laluba ba. Hannunsa ya tafi kai tsaye wurin hujin, kamar wanda ya san inda ya ajiye kayansa. Na karɓi ƙusar, na jefa ta a gwangwanin madara tare da 'yan'uwanta. Shaida ce.

Ingarmana baƙi, ƙafa biyu ɗaya na bin ɗaya,
Ba ka cin ciyawa, iska ce abincinka a taya,
Wa ya ɗana maka tarko a tsakiyar hanya?
Allah ya san shi, ko ya ɓuya a bayan ƙaya.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan Magariba

Oga, shugaban ofishinmu, ya kira mu ɗakinsa, ya rufe ƙofa da kansa. Abin da aka faɗa a ciki ba zan rubuta ba. An ce duk wanda ya fitar da shi ya ɗauki hularsa ya kama gabansa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Taya lafiya yau.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan Azahar, a ofis

Gaba ta sace kafin rafi. Na iso a makare, wandona duk laka. Andrew, wanda teburinsa ke fuskantar nawa, ya ɗaga kai daga keken rubutu.

"Malam Maitama, wannan keken naka yana son ya yi maka ritaya kafin gwamnati ta yi."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, don kada a ce. Amma na tuna shi kaɗai ne ya taɓa tambayata wace hanya nake bi. Kuma makullin sito, wanda yake hannuna, kowa ya san ya daɗe yana kallonsa. Ni ne nake fitar da turaku da igiya da gwangwanayen jan fenti idan ma'aikatanmu za su fita. Ni fitarwa kawai nake yi. Ban taɓa riƙe burushi ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan La'asar

Na dawo na tarar da Baba Nathan, mai gidan da nake haya, tsirara daga ƙugu zuwa sama, yana kwaɓa ƙasa a gindin mangwaron tsakar gida. Mutum ne Bagbagyi, dattijo, manomin doya, wanda cibiyarsa da ta kakansa suke binne a wannan wuri. Hausarsa tana tafiya da sanda, amma tana isa inda za ta.

"Malam, ka zo ka gani. Nan ɗakin madam ɗinka. Nan ƙofa, nan taga. Kai ma ka gaji da zaman gwauro. Kafin Kirsimeti ka aika ya zo, shi da yara."

Matata Rahmatu yake nufi, wadda na baro a Kazaure da alkawarin cewa da na sami wuri zan aika. Ya nuna mini rufin ɗakina da nasa, sabon kwano fes, yana ƙyalli kamar azurfa. Ya ce damina uku yana noma wannan kwanon kafin ya hau sama, kuma ragowar da ke jingine a bayan rumbu ta ɗakin madam ce.

Na ce, "Sannu da aiki, Baba."

Abin da na ce ke nan. Na shige ɗaki.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan saukowa daga masallaci

Baya. Ƙusa mai hula.

Asabar, 12 ga Oktoba, da hantsi

Na yi alkawari ga Oga cewa bakina ba zai faɗa ba. Ban yi alkawari a kan alƙalami ba, kuma in ban sauke wannan dutse a wani wuri ba zai fasa mini ƙirji.

An karkatar da sabon titin. Zai bi ta wannan gefen rafi, ya haɗiye gidajen unguwarmu tun daga bakin ruwa har mangwaron nan da nake jin inuwarsa a tagata. Ranar Alhamis ta ƙarshen wata za a rushe su. A ƙauyen ƙetaren rafi an shafa jan fenti tun da wuri, aka ba su lokaci, sai suka taru suka yi ta kai ƙara har abin ya ɓata wa manya rai. Saboda haka wannan karon fenti da katafila rana ɗaya za su iso. Ba sanarwa. Abin da ke kan gini ya bi gini.

Da za mu fita Oga ya riƙe hannun rigata. "Malam Maitama, na san a can kake. Ka nemi ɗaki a hankali, ka kwashe littattafanka kaɗan-kaɗan. Kai dattijo ne, saura ƙiris ka ci fansho. Kada tausayi ya kai ka inda ba ka shirya ba."

To. Na rubuta. Ban ji sauƙi ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan Azahar

Mama Lydia, matar Baba, ta dawo daga coci ta aiko mini da sakwara da miyar karkashi. Na buɗe, ƙamshi ya tashi, hannuna ya ƙi zuwa. Na rufe na mayar, na ce cikina ne.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana dubana fiye da yadda ya kamata. "Malam, ciki ko zuciya?"

Me take nufi? Kuma tun yaushe take yi mini sakwara ba ranar biki ba? Da walakin, goro a miya.

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan Magariba

Gaba da baya, duka biyu, a tafiya ɗaya. Na turo Ingarma kamar mai rakiyar gawa.

Timothy ya riƙe ciki don dariya. "Oga Malam, wallahi ka auri ƙanwata kawai, mu zama dangi, in riƙa yi maka kyauta!"

Na ce, "Timothy, ina tambaya. Mai faci da mai watsa ƙusa, akwai zumunci tsakaninsu?"

Dariyar ta tsaya. Ya ajiye famfo. "Oga, ni ɗan mishan ne. In ina son watsa ƙusa, zan watsa a kwalta inda manyan motoci suke, ba a daji don keke ɗaya ba. Ka raina sana'ata."

Amsar ta yi kyau. Ta yi kyau da yawa, kamar wadda aka tanada. Sai dai tun da na baro shi wani tunani ya shige ni wanda ya fi wannan ɗaci. Timothy riba yake nema, Andrew makulli yake nema. Amma in akwai waɗanda suka ji ƙishin-ƙishin abin da ke tafe, suka san a wane ofis nake, suka ga ina shiga ina fita ina cewa sannu da aiki? Waɗannan ba riba suke nema ba. Faɗa mini suke yi cewa sun sani.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan Asuba

Mama Lydia ta share tsakar gida, ta kwashe sharar, ta fita da ita ta ƙofar da ke kallon hanyar rafi. Na leƙa ta taga har ta dawo. Hannunta wayam. Me ke cikin sharar?

Na shigar da Ingarma ɗaki tun jiya. Yana kwana a gefen gadona yanzu.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan La'asar

Tubalan ɗakin madam sun jeru a rana suna bushewa. Baba ya ce in taɓa in ji ƙarfinsu. Na taɓa.

Magana ta kwana a baki,
Ta hana tuwo ya sauka ciki,
Mai gida na kwaɓa ƙasar ɗaki,
Baƙonsa na kallo, ya ce masa sannu da aiki.

Ban ji daɗin wannan baitin ba. Ma'auninsa daidai ne. Shi ya sa.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da yamma

Ban ci tuwonsu ba yau ma. Burodi da shayi a bakin kwalta.

Asabar, 19 ga Oktoba, da hantsi

Na je Garki, na ga wani ladan da na sani, ya ce akwai kusurwa a ɗakinsa. Na ɗaure littattafaina guda huɗu a kariyar keke, na lulluɓe da darduma, na fita da su. Baba yana zaune a kan turmi yana wasa fartanya. Bai tambaye ni ba. Da ya tambaya da na sami abin faɗa, don na shirya ƙarya mai kyau. Shirun nasa ya bi ni har rafi, kuma a rafin baya ta sace.

Na zauna a kan dutse ina kallon tayar tana lanƙwashewa. Na ce a raina: sun sani, wallahi sun sani. Sannan wata murya ta ce: mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na kore ta.

Gwangwanin ya kusa rabi. In na girgiza shi yana amsawa.

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan Azahar, a ofis

Andrew ya leƙo sito ina jera gwangwanayen fenti.

"Na ƙarshen wata ne?"

"Ban sani ba."

"Haba Malam, tare aka faɗa mana." Ya sassauta murya. "Mai gidanka yana da kirki, ko?"

Na ce duk masu gida ɗaya ne. Ya dube ni, ya tafi. Oga ne ya aiko shi ya gwada ni, ko kuwa shi ne yake haƙa mini rami da kansa? Ko da wanne ne, bai samu ba.

Na yanke shawara. Gobe da sassafe zan laɓe a hanyar rafi. Wanda yake zuba ƙusa dole kafin fitowata yake zubawa. Zan ga fuskarsa, ko Timothy ne, ko ɗan aiken Andrew, ko kuwa wadda ba na so in ambata.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan La'asar

Zan rubuta wannan a tsanake, kamar yadda ya faru, ba ado.

Ina idar da Asuba na fita a ƙafa, na bar Ingarma a ɗaki. Na sami wata kargo mai duhu a gefen hanya, sama kaɗan da mashigin rafi, na tsuguna a bayanta, raɓa tana jiƙa mini gwiwa. Na riƙe sanda. Ni, Maitama, da furfura a gemu, a tsugune a daji da sanda kamar mai farautar gafiya.

Gari ya fara yin fari sai na ji ƙara daga ƙetaren ruwa, wata irin ƙara mai lanƙwasa, kamar tsawa ƙarama tana tafiya a ƙasa. Sai ga su sun ɓullo ɗaya bayan ɗaya.

Mata ne a gaba. Matan nan ba sa ɗora kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka, domin a wurinsu kai ya fi ƙarfin dako. Kowace ta ɗora fallayen tsohon kwano a bayan wuyanta, ta sunkuya a ƙarƙashinsu, kwanon yana rawa yana kuka da kowane taku. Bayansu maza da katakan rufi, ƙusoshin suna tsaye a jiki kamar haƙora. Wani tsoho da taga. Wasu biyu da ƙyauren ƙofa, kuma a jikin ƙyauren akwai jan gicciye, fentin ya zubo ya bushe. Na san wannan ja. Na san gwangwanin da ya fito.

Mutanen ƙauyen ƙetare ne. Suna sauke rufinsu da hannunsu kafin katafila ta zo, suna kai shi bayan dutse da sanyin safiya kafin su tafi gona. Gini ƙasa ne, ƙasa kuma tana ko'ina. Kwano shi ne gidan.

Hawan da ke bayan mashigi yana da duwatsu. Duk wadda ta taka sai kayan su girgiza. Da idona na ga ƙusa ta zame daga ramin kwano ta faɗi a tsakiyar hanya, ta yi tsalle, ta kwanta a kan hularta, bakinta sama. Wata ƙusar ta bi ta. Babu wanda ya waiwaya. Mai kwano a wuya ba ya iya duban ƙasa.

Wata tsohuwa ta hango ni. Ta tsaya da kayanta, tana haki.

"Sannu, Malam. Ka ɓatar da wani abu?"

Na ce a'a.

"To ka yi hankali, akwai maciji a nan."

Ta wuce. Na zauna har suka ƙare. Sannan na bi hanyar ina tsince ƙusoshin, na cika aljihu, ban san dalili ba.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a cikin sitona.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan Magariba

Na tsaya wurin Timothy ba tare da faci ba. Na ce masa zato zunubi ne, ya yafe mini. Ya ce ya yafe, amma in ci gaba da bin hanyar don Allah, yaransa suna makaranta.

Ban faɗa wa Baba ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba, bayan Asuba

In na faɗa, Oga zai sani. Ni kaɗai ne ɗan ofis a unguwar. Shekarun aikina duka, da fanshon, da Rahmatu da ke jira, da yara. Kuma wa ya ce faɗar za ta hana titi? Ba za ta hana ba.

Kwanon kawai za ta tsirar. Da rumbu. Da doyar da ke ciki.

Kawai.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da yamma

Liman ya yi huɗuba a kan haƙƙin maƙwabci. Wa ya gaya masa?

Asabar, 26 ga Oktoba, bayan La'asar

Baba ya fara ɗora tubali. Layi uku. Ya ce in zaɓi gefen da taga za ta kalla, tunda ni na san halin madam.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan Magariba

Sun dawo daga coci, Baba da farar rigarsa ta Lahadi, ya zauna a gindin mangwaro. Na ɗauko gwangwanin. Na shirya jawabi tun jiya, mai gabatarwa da misalai da aya a ƙarshe. Da na tsuguna a gabansa duk ya watse. Na juye gwangwanin a kan tabarma, ƙusoshin suka zube.

Ya ɗauki ɗaya, ya juya ta. "Na ƙetare ne."

"Na'am, Baba."

"Za su miƙu. Ƙusa ba ya mutuwa." Ya dube ni. "Ka kawo mini don ɗakin madam?"

Na ce, "Baba, ba za a yi ɗakin madam ba. Ka sauke kwanonka. Ka kwashe rumbu."

Mama Lydia tana bakin murhu, muciya ta tsaya a hannunta. Baba bai motsa ba. Ya daɗe yana kallon tubalansa.

"Ba su shafa fenti ba."

"Ba za su shafa ba sai ranar. Tare za su zo da katafila."

"Yaushe?"

"Alhamis."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Tun da ka daina cin tuwona na ce wa Lydia, mutumin nan yana ɗauke da abu. Ita ta ce wai ko gishiri ya yi yawa. Na ce a'a. Mutum ba ya ƙin tuwon gida sai in akwai maganar gidan a bakinsa. Na ce mu bar shi, zai sauke." Ya ajiye ƙusar. "Amma ka daɗe, Malam. Da ban kwaɓa ƙasa ba."

Na tattara ƙusoshin, na tura su gabansa. 

Na ce, "Baba, ina roƙo. In aka ji daga bakina ne, aikina ya tafi. A yi abin a ɓoye."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Malam, kwano ba ya sauka a ɓoye. Kuma in na sauke nawa, maƙwabcina ya tambaye ni, in ce masa me? Ina shanya shi?"

Na ce, "Ka faɗa musu."

Ni na faɗi haka. Na ji muryata tana faɗa.

Ya tashi ya cire farar rigar, ya ninke, ya miƙa wa matarsa. "Lydia, kawo tsani. Yau Lahadi, amma Allah yana gani."

Na ce ni zan hau. Ya ce hannuna na biro ne. Na ce ɗakina ne, ni na kwana a ƙarƙashinsa. Ya riƙe mini tsanin. Ƙusar farko ta yi gardama, sannan ta fito da ƙara, sabuwa fil, ba ko ɗigon tsatsa. Daga sama na ga Mama ta fita gida-gida.

Da na sauko Mama ta ajiye mini tuwo. Na cinye, na suɗe kwanon.

Talata, 29 ga Oktoba, bayan Asuba

Unguwa duka ƙara take. Jiya da yau kafin in tafi ofis na ɗaure fallaye a kan Ingarma, daga sirdi zuwa kai, na tura shi cikin layin mata har bayan dutse, inda ƙanen Baba ya ba su fili. Tafukana sun yi bororo, sun fashe. A ofis ina ɓoye su a cikin hannun riga.

Sama ce rufina yanzu. Allah ya riƙe ruwan ƙarshen damina.

Alhamis, 31 ga Oktoba, bayan Azahar

Na fitar da fentin da safe. Aikina ne.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan La'asar, a ɗakin ladan

Masu katafila sun tarar da bangaye tsirara, ba rufi, ba ƙyaure, ba ƙwayar hatsi. An ce har kaji an kwashe. Katafila ta ture ƙasa ta koma ƙasa. Mangwaron ma ya tafi.

Oga ya tara mu, ya rufe ƙofa. Bai ɗaga murya ba, wanda ya fi muni. Ya ce akwai ɓera a ofis. Yana magana idonsa yana kaina, sannan ya sauka kan hannuwana, waɗanda na manta na bari a kan tebur.

"Malam Maitama, me ya sami hannunka?"

Kafin in buɗe baki Andrew ya fashe da dariya. "Oga, wannan keken ne! Wata guda yana cire taya yana mayarwa, duk ofis an sani. Mutanen nan kuwa, ai tun da aka rushe na ƙetare suke shirin tashi. Ko akuya ta ga an yanka 'yar'uwarta ta san wuƙa."

Oga ya dube shi, ya dube ni. Ya ce zai bincika. Ya karɓi makullin sito, ya sa a aljihunsa, bai ba kowa ba.

A waje na ce wa Andrew na gode. Ya ce, "Da me?" ya wuce yana fito. Ban sani ba ko rufa mini asiri ya yi, ko kuwa ajiye ni ya yi don wata rana. Ban sani ba ko ina da aiki bayan wannan wata. Na zauna in yi baiti a kan haka, ya ƙi zuwa.

Asabar, 2 ga Nuwamba, bayan La'asar

Na hau Ingarma in je bayan dutse in gaishe su. Na bi tsohuwar hanya, don ban san wata ba. Daidai hawan nan mai duwatsu na ji baya ta yi laushi, sannan ƙarfe ya fara dukan ƙasa. Ban yi tsaki ba. Na juya na tura shi zuwa gindin ɗorawa.

"Oga Malam! Na ɗauka ka yi kuɗi ka manta da talaka!"

Timothy ya zare tub, ya shafa cikin tayar, ya zaro ƙusa da filaya, ya ɗaga ta a rana. Tana ƙyalli. Ba tsatsa. A duk kwanon da ya bi wannan hanya, ɗaya ne sabo.

"Wannan kam amarya ce," in ji shi. Ya ɗaga hannu zai wurga ta cikin ciyawa.

Na riƙe hannunsa.

"Kawo ta nan. Tana da mai ita, kuma yana jira."